Ni da Mai Tari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shaƙe mutumin da na fi ƙaunar muryarsa a duniya ba. Ko da na so mantawa, mahautan unguwar Farcha ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa ta gabansu da daro a ka, sai wani mara kunya ya yi "fis-fis" da baki, sauran su kwashe da dariya. Na zage su har na gaji. Shi ne na ga gara in ba da labarin da kaina, tunda yanzu ina iya riƙe biro, kafin su ƙara masa gishiri.

Sana'ata gyaran kai da ƙafar sa. Da sassafe ina bakin mayanka, in saya, in babbake, in kankare, in wanke, in fasa, masu gidajen abinci su zo su kwasa. Sana'a ce mai rufin asiri, ba na jin kunyarta a gaban kowa. Abu ɗaya ne aibinta: ƙauri. Ƙaurin gashin da ya ƙone yana shiga fata ya yi gida. Sai in yi wanka da sabulu mai tsada, in shiga kar (motar hayarmu ke nan ta cikin gari), amma sai na ga ta kusa da ni ta juya hanci wajen taga. Shi ya sa ba na fita ba kwalbar turare a jaka. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Maigidana, Malam Ado, tsohon direban babbar mota ne. Lokacin da yake bin hanyar Nijar, wata rana ya dawo ya miƙo min tsaraba, wani ɗan memori da bai fi farcen ɗan yatsa ba. Matan mutane ana kawo musu atamfa, ni an kawo min farce. Na yi masa tsiya son raina, sannan na sa a waya.

Waƙoƙin wasu samarin Buzaye ne masu jita, irin kiɗan nan da ake ce wa rok. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, ɓarnar da na yi musu ta isa. Waƙoƙin farko duk na lantarki ne: jita na ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa, ganga kamar ana sauke buhunan siminti. Na kusa cirewa in ba shi abinsa. Amma can ƙarshe akwai wani ɗauka daban. Wannan a tsakar gida suka zauna, ba lantarki, ba komai. Jitar katako biyu, ƙwarya guda, da tafi. Kana jin yatsan mutum na zamewa a kan tsirkiya. Kana jin ana tsiyaya shayi daga sama. Akwai ma inda akuya ta yi kuka daga nesa, kuma wallahi kukan ya zauna daidai.

A cikinsu akwai wadda ta kama ni. Rabi da yarensu, rabi da Hausa, labarin mutumin da ya fita daga gida ya ce kafin damina zai dawo. Ni kuwa kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso za su Makka a ƙafa, suka ce bari su ɗan huta a Njamena. Har yau hutun muke yi. Duk unguwarmu jikokin waɗanda suka ce yanzu za su dawo ne. To ku gaya min yadda waƙar nan ba za ta shiga jinina ba.

Da ita nake babbaka, da ita nake kankara. Na san kowane lungu nata. Akwai wani wuri a tsakiya inda ƙwarya ke yin shiru, tafi ya tsaya, jita ɗaya ta rage tana tafiya a hankali kamar mai tsoron ta da barci. Sai mawaƙin ya ja numfashi, dogo, kana jinsa, ya ɗauki murya zai hau da ita sama. A daidai nan, a daidai wannan wurin da tsikar jikina ke tashi, sai wani ƙaton tari ya faɗo. Tarin tsoho, mai kauri, har da kaki a ƙarshe.

Shekara da shekaru ina zagin mutumin nan. Na sa masa suna Mai Tari. Duk lokacin da aka zo wurin sai na ajiye wuƙa na nuna wayar da yatsa.

"Kai ba ka da gida ne? Duk faɗin Sahara ka rasa inda za ka yi tari sai nan? Allah ya isa tsakanina da kai!"

Malam Ado yana kan tabarma da kofin shayinsa, sai ya girgiza kai. "Matar nan, ki ji tsoron Allah. Mutumin da ba ki taɓa gani ba kike ja wa Allah-ya-isa da sassafe?"

"Kai ma ai ɗan ƙungiyarsu ne," in ji ni. Don shi ma tun da ya bar tuƙi ya dawo min da tari, na ƙurar hanya da tabar da ya sha a ƙuruciya. Kowace safiya sai ya yi mana kamar ana ta da tsohuwar mota.

Burina dai ɗaya ne, kuma kowa a gidan ya sani: in ji waƙar nan sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, ba tari. In ji inda muryar za ta kai in an bar ta.

Ban shiga lekol ba, wato makarantar boko, sai da furfura ta fara leƙowa. Mutane suna tsammanin don lissafin ciniki na shiga. Ƙarya ne, lissafi tun ina goye nake yinsa. Gajiya na yi da roƙon mutane su nemo min waƙa a cikin wayata, ni da abina. Ajinmu na manya ne, da rana bayan azahar, mata zalla, kowacce da ciwon gwiwarta. Malamarmu Madam Remaji, 'yar kudu ce, siririya mai haƙurin da ban taɓa gani a jikin ɗan Adam ba. Benci ɗaya muke zama da ƙawata Kaltuma, 'yar unguwar Abena mai sayar da kayan miya, wadda ta fi ni iya karatu amma na fi ta baki.

Wata rana Madam ta ce kowacce ta tashi ta faɗi abin da take so da Faransanci, jimla biyu ko uku. Wata ta ce tana son shinkafa. Kaltuma ta ce tana son jikokinta. Ni da na tashi, na fara da Faransanci, ya ƙare min a hanya, na zuba Larabcinmu na nan, shi ma bai ishe ni ba na koma Hausa, har da kwaikwayon tarin. Aka tashi daga aji ban gama ba. Madam ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye.

Bayan wasu watanni sai ga ta ta tare ni a bakin ƙofar aji.

"Mama, mutanenki suna gari."

"Waɗanne mutane?"

"Masu jitarki. Sun zo wasa, kuma kafin su koma za su sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsu ba lantarki, kamar wancan na wayarki. Mijina ne zai ɗauki sautin. Suna son mutane kaɗan su zauna a gabansu, don ya yi kama da gida. Na ce masa ina da wadda in ba a kai ta ba, ba za ta yafe min ba."

Na riƙe hannunta. "Har da ta damina?"

"Har da ita."

"Ba tari?"

"Ba tari, Mama. Ɗaki ne a rufe, kowa zai yi shiru."

Ban san lokacin da na rungume ta ba, da ƙaurina da komai.

Ranar ban je mayanka ba. Na yi wanka, na sake yi. Na turara lafayata a kan kasko tun safe har sai da Malam Ado ya fita waje da tabarmarsa yana cewa an kore shi daga gidansa da hayaƙi. Na cika kwalbata da wani turare da wani mai haɗi a babbar kasuwa yake yi min na musamman, mai ƙarfi, wanda zai iya danne ƙaurin kan sa. (In na fesa shi a ɗaki, sauro ma sallama yake yi.) Sannan na tsaya a shago na sayi alewar tari leda guda. Na zauna na ɓare kowacce daga takardarta, don kar takarda ta yi ƙara a wurin. Kun ga irin tunanina? Ba wanda zai ce ban shirya ba.

Muka isa ni da Kaltuma bayan la'asar. Wani ɗaki ne a gidan al'adu, an shimfiɗa darduma, an rufe tagogi, an kashe fanka. Mutanen ba su da yawa: ɗalibai, wasu 'yan boko, Nasara biyu ko uku. Mijin Madam, wani dogo da abin ji a kunnuwa, ya tsaya ya karanta mana doka.

"A kashe waya. Ba tafi sai na sauke hannu. Ba guɗa. Ba liƙi. Ba tashi. Mikron nan ko haɗiyar yawu kuka yi zai ji. Kuma ɗakin na yau ne kawai, gobe da asuba za su kama hanya. Abin da muka samu yau, shi ke nan."

Ba wanda ya naɗa ni, amma nan take na zama 'yar sandan wurin. Na bi layi ina raba alewa. Na sa Kaltuma ta cire awarwaronta ta ƙulle a bakin zane.

"Ke kuma," na ce wa wata budurwa mai taunar cingam, "tofar."

"Iya, ai ba na ƙas-ƙas."

"Na ce tofar. Ba gidan biki kika zo ba."

Akwai wani tsohon Nasara da na ji yana jan hanci. Na je na tsaya a kansa, na haɗa duk Faransancin da Madam ta koya min, na gaya masa mura ba laifi ba ce amma ya koma bakin ƙofa. Bawan Allah ya tashi ya koma, har da cewa na gode. Kaltuma ta ja ni ta zaunar.

"Ke dai Allah ya shirye ki. Ki bar mutane su yi numfashi mana."

"Su yi a gida," na ce. Na zauna a sahun gaba, tsakiya.

Sai ga su sun shigo. Na ɗauka zan ga samari, ashe su ma shekaru sun taɓa su. Mawaƙin wani siririn mutum ne da rawani baƙi, gemunsa ya fara fari. Ya zauna a gabana, in na miƙa hannu zan taɓa gwiwarsa. Ya sauke rawanin daga bakinsa, ya ce mana "Lale, lale," irin gaisuwarmu ta nan, ya rungumi jitarsa.

Ba zan iya rubuta muku yadda abin ya kasance ba, karatuna bai kai nan ba. Abin da na sani, sautin da na saba ji daga 'yar wayata mai fasasshen gilashi, ga shi yana fitowa daga katako a gabana, ina jinsa a ƙirji. Suka yi ta farko, suka yi ta biyu. Mijin Madam na sauke hannu mu yi tafi, ya ɗaga mu yi tsit. Ba wanda ya yi tari. Ina ta waiwaye ina harara, kowa na tsotsar alewata. Na ce a raina, yau dai Allah ya karɓi addu'ata.

Sai aka fara ta damina.

To a nan ne nake so ku yi min adalci. Mu a wurinmu, ba a jin abu mai daɗi a zauna kamar dutse. Rowa ce, kuma wulaƙanci ne. In makaɗi ya taɓa miki zuciya, sai ki rangaɗa guɗa, ko ki tashi ki liƙa masa, ko ki ɗaga hannu a kansa kina kaɗa yatsu. In kuwa kina son ki girmama shi girmamawa ta gaske, sai ki ciro turarenki ki fesa masa. Duk bikin da za ku je a garin nan za ku ga mata na yi. Haka na ga uwata ta yi, haka na tashi ina yi.

Ga mutum yana zuba min abin da na yi shekaru ina jira, ni kuma ina zaune hannu a cinya kamar wadda aka kawo kotu. Guɗa ta taso min har maƙogwaro, na haɗiye. Hannuna ya tashi, na danne shi da ɗayan. Hawaye na zuba. Sai wani tunani ya zo min, kuma wallahi a lokacin na ɗauka duk ɗakin ba mai basirata. Na sake bin dokokin ɗaya bayan ɗaya. Waya, tafi, guɗa, liƙi, tashi. Ba a ce turare ba. Kuma turare ba shi da sauti.

Na zura hannu a jaka a hankali. Na ciro kwalbar. Kaltuma ta gani, ta zaro ido, ta daƙuno ni da gwiwar hannu. Na yi mata kallon "ke ba ki san komai ba". Ban tashi ba, don an hana tashi. Na dai ɗan durƙusa a kan gwiwoyina, na miƙa hannu, na auna kafaɗar mawaƙin.

Ƙwarya ta yi shiru. Tafi ya tsaya. Jita ɗaya ta rage.

Ni fa na san wurin nan. Duk duniya ba wanda ya fi ni sanin cewa a nan yake jan numfashi. Da za a tashe ni daga barci a tambaye ni, zan faɗa. Amma a ranar ilimin nan bai amfane ni da komai ba. Ya juyo da fuskarsa wajen mikro, wato wajena, ya buɗe baki, ya ja iska da dukkan ƙirjinsa, ni kuma na danna.

Fis. Fis.

Ashe turare yana da sauti. A ɗakin da aka kashe fanka, ƙararsa kamar an buɗe tayar mota.

Bawan Allah ya haɗiye shi duka. Idanunsa suka fito. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, na ga wuyansa na motsi, sannan abin ya ƙwace. Tari. Ba irin na Mai Tari ba, wannan ya ninka shi. Ya dunƙule a kan jitar yana yi, hawaye na gudu, rawani ya warware.

"Innalillahi! Sannu ɗana! Ku kawo ruwa mana, kuna kallo!"

Ni ce na faɗi haka, da muryar da nake kiran masu turin kura a bakin mayanka, bakina dab da mikro. Kuma ban tsaya nan ba. Na ce bari in taimaka, na ɗaɗa masa duka a baya. Ku tuna hannun nan kan sa yake fasawa. Mutumin ya yi gaba, jita ta bugi mikro, mikro ya faɗi ya yi wata ƙara da ta sa mijin Madam ya fizge abin kunnensa ya yi tsalle.

Shiru. Sai tarin kawai. Daga can bakin ƙofa na hango tsohon Nasaran da na kora yana kallona, yana tsotsar alewata, ko jan hanci bai yi ba. Budurwar cingam ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Madam Remaji ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ina durƙushe a tsakiyar darduma da kwalba a hannu. Abin da ya zo min in yi shi ne, na laluba jaka na miƙa masa alewar tari.

A nan ɗakin ya fashe. Har mai ƙwarya ya kwanta a ƙasa yana dariya.

Aka ba da hutu, aka buɗe tagogi don turarena ya fita. (Bai fita ba. An ce har mako ya zagayo ɗakin na ƙamshi.) Na ce wa Kaltuma ta tashi mu gudu.

"Ba inda za ki," in ji ta. "Kin shaƙe ɗan mutane, sai kin ba shi haƙuri. Ni zan riƙe miki jakar, kar ki ƙarasa shi."

Na same shi a tsakar gidan, zaune a gindin bishiya, an haɗa masa shayi yana kurɓa. Na durƙusa, ni da ko a gaban sarkin fawa ba na durƙusawa.

"Ɗana, ka yafe min. Wallahi girmamawa ce."

Muryarsa ta dushe, amma ya yi murmushi. Hausarsa irin ta Nijar ce. "Na sani, Inna. Mu ma matanmu suna yi. Sai dai su a riga suke fesawa, ba a huhu ba."

Da na tsaya a nan, da na tsira da sauran mutuncina. Amma bakina ba ya sanin lokacin tsayawa. Ina so ya gane cewa ni ba irin masu ɓata waƙa ba ce.

"Ka ga, ni duk duniya ba abin da na tsana kamar tari a cikin waƙa. Wancan ɗaukan naku na tsakar gida, shekara nawa ina jinsa. Akwai wani tsohon banza da ya yi tari a daidai wurin nan. Kullum sai na tsine masa. Na ce da zan gan shi, da na shaƙe shi da hannuna. Wai don Allah wane mara mutunci ne?"

Ya ajiye kofin. 

"Babana ne."

Na rufe baki da hannu.

"Ba shi da lafiya a lokacin," ya ce. "Bai taɓa zuwa wasanmu ba, yana cewa ƙarar lantarki na sa masa ciwon kai. Shi ya sa muka je gida muka yi masa da jitar katako, aka fito da shi aka jingina shi da bango. Bai kai damina ba. Masu gyaran sauti sun ce za su iya yanke tarin, na ce a bari. Ba mu da hotonsa, bai yarda da hoto ba. Muryarsa ma ba mu da ita a ko'ina. Wannan tarin ne kawai."

Ban san me na ce ba. Ina jin na ce Allah ya jiƙansa ya fi a ƙirga. Na ce ya yafe min, ya roƙa min shi ma tsohon. Ina kuka ina jan hanci, ni da na kori mutum saboda jan hanci.

"Kar ki damu, Inna," ya ce. "Da yana da rai da kun daidaita. Shi ma bakinsa haka yake. Da ya rama."

Aka koma ciki. Na tafi can baya, kusa da Nasarana, na zauna na naɗe hannu. Suka gwada ta damina. Da aka zo wurin hawa, muryar ta ƙi, ta tsage a hanya. Suka sake, ta sake ƙi. Turarena ya ƙona masa maƙogwaro. Suka yi sauran waƙoƙin da ba sa bukatar hawa, aka kira magariba, mai gadin wurin ya fara kaɗa makullai. Shi ke nan. Waƙar da na yi shekaru ina jira in ji ba tari, an zo har garinmu, har gabana, za a ba ni ita, ni da hannuna na hana.

Muka shiga kar ni da Kaltuma, muka yi nisa. Can ta ce, "Amma fa ya yi ƙamshi."

Kwana biyu ban je lekol ba. Madam da kanta ta zo har bakin mayanka, tana taka jini da takalminta mai tsini, ta ce in ban dawo ba za ta kawo ajin nan. Na koma.

Bayan wasu watanni sabon ɗaukan ya fito, ya shiga wayoyin mutane. Na ɗauka za su cire ta damina gaba ɗaya. Ba su cire ba. Ta farkon suka saka, yadda take. Ƙwarya ta yi shiru, jita ɗaya ta rage, ya ja numfashi, sai fis-fis, sai tari, sai wata mata mai muryar jaki tana cewa a kawo ruwa, sai duka, sai dariya. Mijin Madam ya ce ya roƙi mawaƙin a yanke, shi kuwa ya ce a bari, wai waƙar nan dama ba a ƙaddara mata ta wuce wurin nan lafiya ba.

Malam Ado ne ya fara kunna min. Ya saurara har ƙarshe da fuskar malamai, sannan ya ce, "Kai, wannan mata ba ta da gida ne? Duk faɗin Njamena ta rasa inda za ta fesa turare sai nan?"

Na ɗaga wuƙa, ya gudu yana dariya, dariyar ta koma tari.

Na san yanzu haka, a wani gari da ban sani ba, akwai wata mai son waƙar nan kamar ni, tana ajiye aikinta tana nuna waya da yatsa tana ja min Allah-ya-isa. 'Yar'uwa, na yafe miki, kin yi daidai. Ni ma na yi wa wanda ya fi ni.

Tsohon ɗaukan nake ji har yanzu. In an zo wurin tarin, sai in ce, "Sannu Baba," in ci gaba da kankara. Har yau ban san inda muryar nan za ta kai ba, kuma na daina tambaya.

Abin da na koya? In zan je inda aka ce a yi shiru, kwalbar tana zama a gida, in yi ƙaurina, wanda bai so ya matsa. Kuma kafin in tsine wa mutum, ina fara tambaya ko uban wane ne.

Akwai kuma wani abu da ban gaya wa kowa ba sai ku. Madam ta nuna min inda ake danna wa waya ta ɗauki sauti. Rannan da safe Malam Ado ya fara ta da tsohuwar motarsa a kan tabarma, sai na matso da wayar kusa da shi.

"Me kike yi kuma?" ya ce.

"Ba ruwanka. Ka yi da kyau, ana ɗauka."